Dokar Amurka Da Mijina Ya Ɗauko Ya Kawo Makka

Assalamu alaikum. Alhazai ne suke kawo mana mujallarku nan Makka, idan ta shigo hannu sai ta zaga gidajen Hausawa har ta yayyage. Na daɗe ina sauraron labaran mutane a cikinta, wani in yi dariya, wani in yi tsaki, yau dai na ce bari ni ma in amayar da nawa kafin ƙasa ta rufe mini ido. Ba zan kama sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru, wato 'yan shekaru bayan an gama yaƙin duniya na biyu, ni matashiya ce da goyon 'yar fari, muna zaune a unguwar Utaibiyya cikin ɗakunan da iyayenmu suka haɗa da itace da gwangwanin kananzir. A Makka aka haife ni. Ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin tsofaffi. Sana'ata wankin kayan alhazai da soya gyaɗa, kuma in faɗi gaskiya ina da baki, ina da ji da kai, ba don komai ba sai don ina auren saurayin da duk unguwa ake zuwa jin hirarsa.

Mahaifina ɗan garuwa ne. Tun yana saurayi ya baro wajen Kano a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya iso Makka zamanin Turkawa. Daga nan bai sake yin wata sana'a ba sai ɗaukar ruwa daga bazan, wato wurin da jama'a ke ɗiban ruwa, yana kaiwa gidajen masu hali, har sandan ya yi masa kanta a kafaɗa. Mutum ne mara yawan magana. Amma idan aka zo zancen mulki yana da abu ɗaya da yake maimaitawa. Yakan ce shi ya ga jar tutar Turkawa mai wata da tauraro, ya ga an sauke ta an ɗaga ta Sharifin Makka, ya ga ita ma an sauke an ɗaga koriya mai kalmar shahada da takobi, kuma duk tutar da aka ɗaga washegari sai ya sa rigarsa mai kyau ya je ya gai da wanda aka ba riƙon unguwa. Mu yara dariya muke yi masa a ɓoye. Muna ganin tsoro ne irin na mutanen da.

Maigidana shi ma haifaffen Makka ne, iyayensa sun rasu tun yana ƙarami. Larabcinsa kuwa, in yana bayan bango ba za ka taɓa cewa Takari ne ke magana ba, sunan da Larabawa ke kiran mu ke nan. Da ya girma ya gaji da dako a kasuwa, sai ya sauka Jidda, Allah ya haɗa shi da aikin girki a gidan wani Ba'amurke da ke aiki da wani kamfani. Yakan zo gida lokaci-lokaci, da wando irin nasu, da sabulu mai ƙamshi, da alawa a cikin takarda mai ƙyalli. Amma tsarabar da ta fi jan mutane ita ce labari. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a ɗora shayi, samari da magidanta su kewaye shi. Ni kuma ina daga ciki na kasa kunne, kaina kamar ya fashe don alfahari.

Uban gidan nasa mutum ne mai son surutu, yana jin Larabci kaɗan-kaɗan, yakan shigo madafa ya zauna a kan akwati yana ba shi labarin ƙasarsu. Abin da maigidana yake kwasowa ke nan ya juye mana. Ya ce su ba su da sarki. Shugabansu jama'a ne suke zaɓa, in ya yi shekara huɗu a sake zaɓe, in ba a so shi ba ya tattara ya koma gidansa kamar kowa. Ya ce kakanninsu ne suka zauna suka rubuta takarda guda, ita ce uwar dokokinsu, shugaban ma a ƙarƙashinta yake. Yakan zana tutarsu a ƙasa da tsinke, ya ɗiɗɗiga taurari, ya ce kowane tauraro ƙasa ce guda da ta yarda ta shiga tarayya. Sai kuma abin da ya fi shiga ransa, wanda daga baya ya zama ajalin zamanmu. Ya ce a cikin takardar an rubuta cewa duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ko da jiya ubansa ya sauka daga jirgi, ba ya roƙon kowa, ba ya gode wa kowa. Wata rana na tsokane shi, na ce to in haka suke da adalci, me ya sa ya ce mini kofinsa daban ne a gidan, kuma a bayan madafa yake cin abinci? Ya yi dariya ya ce ai takarda daban, halin mutane daban. Da bakinsa ya faɗi haka, na ji da kunnena, amma daga ni har shi ba wanda ya tsaya ya auna maganar.

Ana cikin haka sai magana ta zaga cewa hukuma tana son ta san nata, duk wanda ya daɗe a ƙasar ko aka haife shi a nan ya je ya nemi tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Yadda ake yi kuwa, ba ka tafiya kai kaɗai. Sai ka je wurin umda, mai unguwa, da dattawa masu shaida, su faɗi waye ubanka, daga ina ya zo, kuma kai mutumin kirki ne. Umda ya buga hatiminsa, a rubuta maka roƙo zuwa ga hukuma, sannan ka jira. Hausawa da yawa suka noƙe. Wasu suka ce dabara ce ta kwasar samari a kai soja. Wasu suka ce in ka karɓa ka sayar da ƙasarka, ba ka komawa gida, alhali fa ko hanyar gidan ba su sani ba. Wasu tsofaffi kuma suka ce su baƙin Allah ne, maƙwabcin Ɗakin Allah ba ya buƙatar izinin ɗan Adam. Mahaifina kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya wanke rigarsa, ya kwashi ƙannena maza, ya tafi ƙofar umda ya zauna a rana har aka kira shi. Ni ban shiga cikin takardarsa ba, tunda matar aure mijinta take bi, ni da 'yata muna rataye a wuyan maigidana.

Shi kuma ya ce ba inda za shi. Ba tsoron soja ne ya hana shi ba, ba kuma zancen komawa gida ba. Kalmar roƙo ce ta tsaya masa a wuya. Ya ce yaya za a yi mutumin da aka binne cibiyarsa a Makka ya je ya durƙusa yana roƙon a mai da shi ɗan Makka? Baƙo ne yake roƙo, shi ɗan gida ne, haƙƙinsa ne tun ranar da ya faɗo duniya. Bai tsaya nan ba. A wata walimar suna, umda yana zaune, dattawa suna zaune, aka taɓo zancen, sai maigidana ya ɗaga murya ya ce shi ma umda kamata ya yi jama'a su zaɓe shi da ɗaga hannu, in ya yi 'yan shekaru a canza, haka ƙasashen da suka ci gaba suke yi. Umdan dattijon Balarabe ne, tun ubansa suke riƙe da unguwar, kuma ba mugu ba ne, sau da yawa ya fito da 'ya'yanmu daga hannun askar, wato 'yan sandan gari. Aka ce bai ce komai ba sai tayyib ya waladi, wato to ya yi ɗana, Allah ya shirye ka, ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya nemi takalmansa. Da labari ya iso ɗakin mata, wasu suka riƙe baki. Ni kuwa murmushi na yi, a raina na ce yau an samu namiji.

Bayan 'yan kwanaki mahaifina ya zo gidana da hantsi, abin da bai saba yi ba, don mutum ne mai kunyar gidan suruki. Bai shiga ɗaki ba, ya tsuguna a bakin ƙofa ya jingine sandan ruwansa. Ya ce ya je ya ba umda haƙuri a madadin yaron, wato maigidana, kuma umda ya haƙura, ya ce in ya zo zai buga masa hatimi, ko gaisuwa kaɗai ya yi ya isa. Ya ce shi da kansa zai tsaya shaida, ya san uban yaron tun a hanyar Sudan. Abin da yake nema a wurina kawai in lallashe shi, don ya lura maganata yana ji. Ya ce uwata, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, nan ƙasar sarki ce, abin da aka ba ka shi ne naka, ki gaya masa ya bar dokar wasu a inda ya same ta. Ni da ya kamata in sunkuyar da kai, sai na buɗe baki na karanta masa karatun mijina. Na ce Baba zamani ya canza, yanzu duniya ta waye, wanda aka haifa a ƙasa ba mai taɓa shi. Har na ƙara da cewa su ne suka saba da durƙuso. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗauki sandansa ya ce Allah ya sa haka ne. Wannan maganar da na yi wa mahaifina har gobe tana ci na, kuma ko da maigidana ya zo ban gaya masa an zo ba.

Aka yi aikin Hajji aka watse. A irin wannan lokaci ne askar suke bazuwa cikin gari suna neman alhazan da suka maƙale ba su koma ba, kuma kowa ya sani baƙar fata ake fara tarewa. Mun saba da abin, ba ya tayar mana da hankali, don in an tare ɗan unguwa sai ya faɗi sunan umdansa, a aika, umda ya ce nawa ne, a sake shi ya dawo gida kafin abinci ya huce. Ran nan maigidana ya gama hutunsa zai koma Jidda. Ya ɗauki yarinyar ya cilla ta sama tana dariya, ya ce in ya dawo zai kawo mini yadi. Ya fita da safe. Kafin azahar wani maƙwabcinmu mai tsire ya shigo a guje ko sallama babu, ya ce an kama shi a tashar motocin Jidda, a gabansa aka yi.

Daga bakin mai tsiren na ji yadda aka yi, don shi ma an haɗa da shi aka tafi, umda ya fito da shi. Ya ce da aka tare maigidana sai ya zaro katin aikinsa mai hoto da rubutun Turawa ya miƙa. Askar ya jujjuya ya ce wannan ba ta hukuma ba ce. Aka kai su gaban wani hafsa. Hafsan da ya ji Larabcinsa ya san ɗan gari ne, har ya sassauta murya ya ce ya ahi, wato ɗan'uwana, faɗi umdanka mu aika, ka kama hanyarka, halas, shi ke nan. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. Mai tsire ya ce har taka masa ƙafa ya yi. Amma girman kai ya hana shi kiran sunan mutumin da ya ci wa fuska a bainar jama'a. Ya ce shi ba ya buƙatar kowa ya tsaya masa, a nan aka haife shi, haƙƙinsa ne. Hafsan ya tambaye shi wa ya ba shi haƙƙin. Nan fa bakin da muke taruwa muna yi wa tafi ya buɗe. Ya kawo zancen Amurka, ya kawo zancen takardar da ta fi kowa, har ya ce a ƙasar da aka san abin da ake yi sarki ma doka ce a samansa. Hafsan bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya dai juya ya dubi koriyar tutar da ke bango, ya ce da magatakarda ya rubuta abin da ya ji. Daga nan maganar ta tashi daga ta mai rashin takarda ta koma ta mai yi wa sarauta rashin kunya.

Na ruga gidan mahaifina da goyo, ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Na zube a gabansa ina kuka. Bai tuna mini da abin da na gaya masa ba, bai taɓa tuna mini ba har ya koma ga Allah, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tafi wurin umda. Abin da ya ƙara kunyata ni, dattijon nan da aka wulaƙanta ya tashi ya yafa alkyabbarsa ya bi shi, ya je wurin hafsan ya ce yaron nasa ne, a gabansa ya girma, ƙuruciya ce da zama da Nasara. Aka ce masa da tun da safe ya zo da an sake shi, amma yanzu an rubuta, magana ta wuce sama, an ma riga an sa shi a motar Jidda tare da waɗanda za a mayar ƙasashensu. Umda ya ce to wace ƙasa za a mayar da shi, shi da bai taɓa tsallake teku ba? Aka ce ai Takari ne, ta Sudan suke zuwa, ta Sudan za su koma. Da suka dawo umda ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce da mahaifina ya yi iyakar ƙoƙarinsa, da yaron yana da tabi'iyya a hannu da iyakarta a tsare shi a hore shi ya fito, don ba a korar ɗan ƙasa.

Ni ce na matsa wa mahaifina mu je wurin Ba'amurken. A tunanina tunda shi ne mai dokar, shi zai tsaya mata. Muka hau babbar mota muka sauka Jidda, muka yi ta tambaya har muka sami gidan. A ƙofa ga tutar nan mai taurari, ƙarama, na gane ta daga zanen da ake yi mana a ƙasa. Ba a daɗe ba mutumin ya fito da kansa, dogo, ja, da gajeren hannun riga. Ya kama hannun mahaifina ya girgiza kamar tsohon abokinsa, ya sa aka kawo mana kujeru da ruwan sanyi, ya yi wa yarinya wasa. Wallahi raina ya fara kwanciya. Ya saurari labarin da fuskar tausayi, yana girgiza kai. Da aka zo kan zancen takardar, sai ya yi turus. Ya ce cikin guntun Larabcinsa ai shi labarin ƙasarsu yake bayarwa, hira ce kawai, bai taɓa cewa haka ake yi a nan ba. Ya ce su ma baƙi ne, an ja musu kunne kada su sa baki a harkar hukumar ƙasa, in ya yi magana aikinsa zai tafi. Ya ce mijina mutumin kirki ne, ya iya girki, ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya shiga ya kawo sauran albashinsa da ƙunshin kayansa. Muna fita na hango wani ya riga ya ɗaura gyauton girki a madafar, yana yanka albasa.

A wani fili da aka kewaye da waya kusa da bakin teku aka tara su, maza birjik a rana, yawancinsu alhazan da guzuri ya ƙare musu. Mahaifina ya yi ta roƙon mai gadi har ya bari na matsa jikin wayar. Da ƙyar na gane shi. An aske masa kai, wandon nan da yake taƙama da shi ya yi baƙi ƙirin. Bai iya haɗa ido da mahaifina ba. Ya zuro yatsunsa ta cikin waya ya kama ƙafar yarinyar, ita kuwa ta ƙwalla ƙara don ba ta gane shi ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce in gaya wa Baba ya koma wurin umda, ya ce masa zai durƙusa, zai sumbaci hannunsa a gaban duk unguwa, a rubuta roƙon ko wane iri ne zai dangwala. Na kasa gaya masa cewa umda ya riga ya je an mayar da shi. Na ce masa to. Ya tambaye ni ko na je wurin uban gidansa, na ce na je, ya ce me ya ce, na ce ya ce yana gaishe ka. Can ya ce mutanen da ke filin nan suna ta murna za su gida, suna tambayarsa shi ɗan wane gari ne, ya rasa abin da zai ce musu. Mai gadi ya daka mana tsawa muka ja baya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, yana tsaye riƙe da waya, bakinsa a rufe.

Muka koma Makka. Mahaifina ya sake wanke rigarsa ya koma ƙofar umda, wannan karon don ni da 'yata, tunda wanda muke rataye da shi ya tafi, ko yaushe mu ma ana iya kwashe mu. Ni da kaina na je, na durƙusa, na yi roƙon da na yi wa dariya, aka shigar da mu cikin takardar mahaifina. Bayan watanni saƙon baka ya fara isowa ta bakin masu zuwa daga Sudan. Aka ce da aka sauke su, jami'in Ingilishi ya ce duk wanda yake ƙarƙashin tutarsu ya faɗi garinsu da sarkinsu a ba shi takardar wucewa. Aka zo kansa, ya ce ubansa mutumin Kano ne. Aka ce wane gari, wane hakimi, bai sani ba. Aka ce ina aka haife shi, ya ce Makka. Jami'in ya ce to ai kai ba namu ba ne. Haka ya zama mutumin da kowace tuta ta ce ba ta san shi ba. Ya yi dako a bakin jirgi, ya yi tsinkar auduga, yana aiko mini da cewa in yi haƙuri yana nan tafe.

Saƙo na ƙarshe wani tsoho ne ya kawo shi. Ya ce ya gan shi a Sawakin, bakin tekun Sudan, yana shirin shiga ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda ke satar hanya ya sauke mutane a bakin gaɓar da ba kowa, su ƙarasa a ƙafa. Ya ce a gaya wa matarsa ta sa ido bayan azumi. Na sa ido. Azumi ya wuce, Hajji ya zo ya wuce. Wasu suka ce jirgin ya kife. Wasu suka ce an sauke su nesa da ruwan sha, ƙishirwa ta gama da su a cikin rairayi, don hakan ya sha faruwa. Wani kuma ya rantse ya gan shi a wata kasuwa a Sudan da rai. Duk shekara idan alhazai suka sauka sai in ɗauki farantin gyaɗa in bi masaukin 'yan ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya, ina kwatanta shi, har aka san ni, wasu suna nuna ni suna cewa ga matar nan. Ban zama bazawara ba, ban zama matar aure ba. Ko takaba ban samu na yi a kan lokaci ba, ko kabarin da zan ce ga shi. 'Yata ta tashi tana kiran mahaifina Baba, kuma na bar ta a haka.

Da shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace suka cika, mahaifina, lokacin ya tsufa ya daina ɗaukar ruwa, ya kai ni gaban alƙali. Aka kira shaidu, umda ya sake zuwa da sandarsa. Alƙali ya tambaye su waye mutumin, suka faɗa, ya tambaya ina aka haife shi, suka ce a nan Makka, a Utaibiyya, a gabanmu. Aka rubuta, aka yanke hukuncin cewa a ɗauke shi a matsayin mamaci, in yi takaba. Magatakarda ya karanta mini da ƙarfi don in ji. Ya kira sunansa da na ubansa, ya ce haifaffen Makka. Aka buga hatimi mai takubba da dabino. A nan na fashe da kukan da ban yi ba a bakin waya, har alƙali ya ce a fitar da ni in sha iska. Abin da ya yi ta faɗa ke nan ana ƙin ji, ga shi hukuma ta rubuta da hannunta, a takardar mutuwarsa.

Yanzu na tsufa, ina zaune a unguwar Zahir wurin 'yata da jikokina, waɗanda Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Ban ce abin da mijina ya faɗa ƙarya ba ne. Mai yiwuwa a can ƙasar haka dokar take, kuma har yau in na tuna sai in ga tana da kyau, ina ma a ce ko'ina haka ne. Amma dokar da ka ji a hira ba ta bin ka gida, ba ta tsaya maka a gaban hafsa, kuma wanda ya ba ka labarinta yana da tasa ƙasar da zai koma. Ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, a nan ko a wani wuri, ku san irin mulkin da kuke ƙarƙashinsa da yadda ake bi da shi, ku nemi takardunku tun ƙofa tana buɗe, ko da sai kun haɗiye abin da ba ku so. Kada wanda ya yi tafiya ya ga wani tsari ya dawo yana raina tsofaffin da suka san hanyar garin. Ku kuma mata, in miji ya ɗauko magana mai daɗi a baki, kada daɗin ya hana ku tambayarsa ina za ta kai ku. Ni an zo har ƙofar ɗakina an tsuguna an roƙe ni in yi magana ɗaya, lokacin da maganata take da amfani, ban yi ba. Wanda ya karanta wannan ya sa mijina a addu'a, don ban san inda ƙasusuwansa suke ba, a ruwa ne ko a tudu.